Baƙin Tut Don Lamis

Duk wanda ya taɓa tsayawa neman motar haya a dandalin Tall, a tsakiyar Tarabulus, ya san Afif ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai tsohuwar marsandin nan ruwan toka da ba ya jiran mota ta cika. Sauran direbobi sukan jingina da ƙofa su sha gahawa, su yi ta musun ƙwallo har kujeru su cika, shi kuwa mutum biyu na shiga zai ja. Abokan sana'a sun yi masa faɗa har bakinsu ya gaji, wai yana ɓata musu layi. Amsarsa kullum ɗaya ce, a hanya zai cike. Wata rana ya cike, wata rana ya ƙona mai a banza, amma dai ba za ka same shi a tsaye ba.

A gida ma haka yake. Yana cin abinci yana zagaya ɗaki da gurasa a hannu. A masallaci liman na sallamewa shi yana laluben takalmi. Mai aski ya san in bai yi sauri ba, Afif zai miƙe da kumfa a kunne. Matarsa Wadad takan ce ita guguwa ta aura aka sa wa wando. Tun tana fushi har ta haƙura, ta koma ajiye masa shayi a kan taga, inda zai kurɓa in ya gifta.

Waɗanda ba su san shi ba sukan ce zafin jini ne. Mu da muka tashi lungu ɗaya da shi mun san inda abin ya samo asali. Afif yana da tabo a kuncinsa na hagu, ƙasa da ido kaɗan, inda gemu ba ya kaiwa. Girmansa ya kai kan babban yatsa, ja ne mai duhu, gudaji-gudaji, sak baƙin tut, ɗan itacen nan mai laushi da jan ruwa, in ya nuna a bishiya. Da shi aka haife shi, kuma ba wanda ya tambayi dalili, don kowa ya sani. Uwarsa ta yi kwaɗayin baƙin tut tana ɗauke da cikinsa, a tsakiyar sanyi, lokacin da ko ganye babu a bishiyar. Ba a samo mata ba, ta kai hannu ta sosa kuncinta. A wajenmu magana ta ƙare ke nan: mai ciki in ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, duk inda ta sosa a jikinta, nan abin zai fito a jikin ɗan. Tun bai iya ɗaura wando ba ake kiransa Mai Tut.

Ba yara ne suka fi wahalar da shi ba. Yara za su tsokane ka, ka jefe su, a wuce wurin. Tsofaffin matan lungu ne suka fi. Duk amaryar da cikinta ya fito, sai wata tsohuwa ta ƙwala wa Afif kira kamar za ta aike shi, ta kama haɓarsa, ta juya fuskarsa wajen haske, ta ce wa amaryar, "Kin gani ko? To ki kula da hannunki." Amarya ta duba, ta nemi tsari a hankali, a sake shi ya tafi, wani lokacin har da alewa a hannu. Su a ganinsu gargaɗi suke yi, amma Allah ya sani ba su kyauta ba. Da wuri yaron ya gane cewa wanda ya tsaya shi ake kamawa a haɓa, sai ya daina tsayawa.

Ko tuƙin ma da dalili ya zaɓe shi. Direba a hagu yake zama, fasinja kuncin dama kawai suke gani. Na hagun yana wajen taga, wanda ya hango shi daga titi kuwa kafin ya ƙura ido mota ta wuce. Bai taɓa faɗa wa kowa wannan ba, kuma a tsammaninsa ba wanda ya lura. Tut kam bai taɓa sa shi a baki ba. In yayinsa ya zo, masu baro suka cika titi da jan ruwansa a kan ƙanƙara, sai ya ɗaga gilashi ya ƙara wuta.

Haihuwa ɗaya Allah ya ba su, Lamis. Ta yi karatu, tana aiki a wani kantin magani a unguwar Mina inda take aure, kusa da tashar jiragen ruwa, mijinta kuma ma'aikacin jirgi ne, ya fi daɗewa a teku a kan gida. An daɗe da auren ba labari, har mutane sun daina tambaya, wanda ya fi tambayar ciwo. Sai bana ciki ya zo ya zauna. Tun daga ranar Afif ya ƙara rashin zama a kan wanda yake da shi, yau ya kawo kifi, gobe ya kawo zuma, ya ajiye a bakin ƙofa ya juya kafin a ce ya shigo.

Wata safiya a ƙarshen Agusta ta biyo gidan iyayenta karin kumallo, ranar ba ta da aiki. Tana cikin dangwalar wake da man zaitun sai ta ce, kamar mai magana da kanta, "Wallahi tun jiya ba abin da raina ke so kamar baƙin tut. Ɗanye, mai tsamin nan, wanda ke ɓata yatsu."

Cokali ya faɗi daga hannun Wadad. Duk da ciwon gwiwar da ya hana ta sauka bene, ta yi tsalle ɗaya ta cafke hannuwan 'yarta biyu.

"Kin sosa? Faɗa mini gaskiya, kin sosa wani wuri?"

"Kai, Mama! Sake ni in ci abinci."

"In ƙaiƙayi ya matsa miki, ki sosa inda kike zama. In ya fito wa ɗan a can, ba mai gani sai matarsa."

Lamis ta yi dariya har da ƙwarewa. Da ta ɗago sai ta ga ubanta yana laluben mukullin mota a aljihun rigar da ke rataye, ya juya mata kuncin dama.

"Baba, don Allah dawo ka zauna. Jijiyoyin jini ne suke taruwa a ƙarƙashin fata, ba ruwansu da kwaɗayin kowa. Na karanta, har jarrabawa na ci a kai."

"Ke kin karanta," in ji shi, "ni a fuskata yake."

"To a sayo mini na kwalba mana, kowane kanti akwai."

Wadad ta ce, "Ɗanye kika ce. Na cikin ya riga ya ji."

Afif bai tsaya jin sauran ba. A hanyar fita ya fizge farin zanen gado da ke shanye a baranda ya naɗe a hammata, don yana yaro ya sha ganin yadda ake yi: a shimfiɗa zane a ƙarƙashin bishiya, a kakkaɓo, tut ya zubo kamar ƙanƙara. Iyakar saninsa da abin ke nan.

A kasuwar kayan marmari ya fara. Wani mai tebur da suka san juna tun suna yara ya ɗaga hannu sama. "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah, Mai Tut na neman tut! Mu da muka ɗauka gona gare ka, tunda kana yawo da na nuni?"

"Akwai ko babu?"

"Babu. Na bakin teku ya ƙare tun watan jiya, sai baɗi in da rai." Da ya ji ko don wa ake nema, sai ya bar wasa. "Ka hau ƙauyukan kan duwatsun Danniya. Sanyin dutse na riƙe shi, gwargwadon hawanka gwargwadon makararsa. Amma fa ka yi sauri, yanzu tsuntsaye ne ke ƙarasawa."

Gaya wa Afif ya yi sauri ɓata baki ne. Kafin rana ta yi zafi ya bar gonakin zaitun a baya, marsandi na nishi a kan kwana-kwanar dutse. Gonar farko da ya tsaya ta wani Riyad ce, irin waɗanda mutanen birni ke zuwa da iyali, a ba kowa kwando ya shiga ya tsinka da kansa, a auna a bakin ƙofa. Mata sun sa malafa a kan mayafi, maza na tafe a bayansu da kwanduna, kowa na tafiyar hawainiya, a tsinki ɗaya a sa a kwando, a tsinki biyu a sa a baki. Afif ya ratsa su kamar wanda ya yar da wani abu. Haushinsu ya kama shi ba gaira ba dalili, yadda suke da yini guda na zubarwa.

Riyad ya kai shi bayan gona ya nuna masa bishiyoyi biyu. Ƙasan duk ya rine, zanzaro na shawagi, a sama kuwa ganye ne zalla. "Da ka zo makon jiya," in ji shi. Sai ya ja shi gefen shinge, inda tut na ƙaya ya nuna baƙi ƙirin a jikin reshe. Ya tsinko cikin tafi ya zuba masa a hannu. "Dubi nan. Launi ɗaya, ƙira ɗaya. Ka zuba a kwano ka ce na bishiya ne. Mai ciki ce, malam, ba jami'ar kwastan ba."

Afif ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa. Gaskiya sun yi kama, kuma da zai ɗauka da kafin azahar yana Mina. Zuciyarsa ta so ƙwarai. Ya juya su, ya sake juyawa, sannan ya mayar wa mai gona.

"Ita ana iya ruɗinta. Na cikin fa?"

Riyad ya buɗe baki zai yi dariya, idonsa ya sauka a kan kuncin Afif, sai ya haɗiye ta. Ya nuna masa hanyar da ta ƙara yin sama.

Haka yinin ya tafi. Kowace gona ya shiga, sai a nuna masa rinanniyar ƙasa a ce da ka zo jiya, sannan a nuna sama da baki. Wani ya ce ya gwada gidan ƙanwarsa, ƙanwar ta ce ta dafe nata ta zuba a kwalabe. Ko'ina sai an ce ya zauna ya sha gahawa, ko'ina a tsaye yake godiya yana ja da baya. Tsakanin gona da gona yana kiran Lamis. Da farko tana ɗauka tana tsokanarsa, wai ya taho mata da dusar ƙanƙara ma tunda ya kai can. Bayan azahar sai waya ta riƙa ƙara har ta katse. Ya kira Wadad, ta ce yarinya ta koma gidanta ta huta, ya bar ta ta yi barci. Barci kuwa shi ya fi tsoro, don mai barci ba ya sanin inda hannunsa ya je.

La'asar ta yi lokacin da kwalta ta ƙare a wani ƙauye da bai taɓa zuwa ba, inda iska ke da sanyi duk da zafin Agusta. Aka nuna masa gida na ƙarshe, na Hajiya Zahiyya. Tun daga nesa ya hango bishiyar, tsohuwa mai kauri, an rataya mata tsummoki da gwangwanaye don korar tsuntsu. Ɓangaren da ke fuskantar rana ya ƙare, amma rassan da ke inuwar bango suna nan da 'ya'ya, baƙi sul, sun kumbura.

Hajiya tsohuwa ce ƙarama, ta girme shi nesa ba kusa ba, tana zaune a dakali tana gyaran wake. Ya yi sallama ya fara zuba bayani, ya sa hannu a aljihu. Ta ɗaga masa yatsa.

"Wannan ba na sayarwa ba ne. Ɗana na zuwa daga Ostiraliya mako mai zuwa da 'ya'yansa, ba su taɓa ɗanɗana shi ba. Wata guda ina faɗa da tsuntsaye a kansa."

"Hajiya, 'yata ce ke da ciki. Yau da safe ta ambace shi."

Ta ajiye faifan. Ta ƙura masa ido yadda tsofaffi ke yi, ba kunya ba gaggawa, har ya kawar da kai yana kallon bango.

"Ba sai ka rantse ba, shaidarka na tare da kai. Fitar da hannunka daga aljihu, ba a karɓar kuɗin kwaɗayin mai ciki, so kake Allah ya ƙona ni? Zauna in kawo gahawa, sai mu ɗauko tsani."

Ta shiga ciki tana jan ƙafa. Ya zauna a dakalin, ya miƙe. Ya sake kiran Lamis, ba a ɗauka ba. Ya leƙa ƙofa, ya ji tsohuwar tana neman ashana tana magana da kyanwa. Inuwar dutse ta fara hawa gonakin ƙasa. Ga abu yana gani da idonsa, tsayin hannu biyu kawai, a ce sai an jira ruwa ya tafasa? Ya ruga mota ya ɗauko zanen gadon Wadad, ya shimfiɗa a ƙarƙashin rassan, ya zare sandar da aka tokare igiyar shanya da ita. Har yana jin daɗi a ransa, wai zai hutar da tsohuwa ɗaukar tsani. Ya ɗaga sanda ya maka wa reshe, ya ƙara, ya ƙara.

Ba abin da ya zubo kamar ƙanƙara. Wasu suka fashe tun a sama, ruwansu ya feso masa a fuska da riga. Waɗanda suka faɗo suna taɓa zane suna narkewa, ganye da ƙura na biyo su. Kafin ya gane abin da yake yi, farin zane ya koma kamar na mahauta, babu ko ƙwaya ɗaya da za a ɗauka da yatsu.

"Innalillahi! Kai! Kai bawan Allah!"

Hajiya ce a bakin ƙofa, da faranti a hannunta. Ta dire shi a ƙasa, gahawa ta zube.

"Me na yi maka? Wa ya aiko ka? Farin tut ne wannan da za ka hau shi da duka? Fari ake kakkaɓewa, shi ke faɗowa da jikinsa! Baƙi ruwa ne a cikin fata, da hannu ake lallaɓa shi ɗaya-ɗaya! Gemu har ya yi fari, a ce ba ka san wannan ba? Kai da kake ɗauke da shi a fuska!"

Afif ya tsaya da sanda a hannu. Kunya ta rufe shi, ga baƙin ciki, don da hannunsa ya lalata abin da ya yini yana nema, ya haɗa da rabon jikokin mutane. Ƙafafunsa suka ce masa ya shiga mota ya gudu, kamar yadda suka saba faɗa masa. Sai dai wannan karon ba inda za a je, sama da gidan nan duwatsu ne da awaki.

Ta gama faɗanta, ta ja numfashi, ta zagaya bishiyar tana leƙe da ido ɗaya. "Can ƙoli akwai saura, inda haukarka ba ta kai ba. Tsani na bayan ɗakin awaki. Ka ɗauko, kuma in ka kuskura ka yi gudu da shi sai na rotsa maka kai."

Ta ba shi kwanon ƙasa da ta shimfiɗa wa ganyen inabi, ta riƙe ƙafar tsani, ya hau. A can sama ya gane irin aikin da ya samu kansa a ciki. In ya motsa ƙafa reshe ya girgiza, in reshe ya girgiza nunannen ya suɓuce ya tafi ƙasa. Na farko da ya kama ya fashe a yatsunsa, na biyu ma haka.

"Kada ka ja!" in ji ta daga ƙasa. "Ba kunnen yaro ba ne. Sa yatsu biyu a ƙarƙashinsa, murɗa kaɗan, ka jira ya zo da kansa. Ka daina wannan rawar ƙafar, tsanina kake karkaɗawa."

Ya danne ƙafar. Ya riƙe numfashi. Gumi na shiga masa ido bai isa ya share ba, jan ruwa na bin hannunsa har hammata. Duk jikinsa na ƙaiƙayin a yi a gama, amma dole ya tsaya cak, ya miƙa hannu a hankali, ya jira. Na uku ya zo lafiya, ya kwantar da shi a kan ganye. Haka ya yi ta yi, tsohuwa na ba da umarni kamar mai koya wa yaro tafiya, har ta ce ya sauko, sauran ja ne, ba su nuna ba. Abin da ya samu bai wuce ya rufe gindin kwano ba.

Da ya sauko ya fara kame-kamen ba da haƙuri, ya ce jikokinta fa.

"Nawa an riga an haife su," in ji ta. "Kada ka rufe kwanon, kada ka bar rana ta taɓa shi, kada ka faɗa rami. Zanen nan ka bar mini, in matse abin da ya samu. In matarka ta tambaya, ka ce wata tsohuwa ta ce ta yi haƙuri da abin da Allah ya haɗa ta da shi. Tafi, kafin in sake tuna abin da ka yi."

Ya zaunar da kwanon a kujerar gaba, ya tokare shi da rigarsa ta sama, ya ɗaure da bel kamar fasinja. Sannan aka ga abin da ba a taɓa gani ba a hanyar Danniya, Afif na gangarowa a giya ta biyu. Motoci suka yi layi a bayansa suna danna oda. Masu babura na wuce shi suna zagi. Wani direban Tall da ya gane motar ya jero da shi ya leƙo, "Mai Tut, lafiya? Birki ne ko gawa ka ɗauko?" Bai ko juya ba. Ƙafarsa ta dama na rawa a kan totur, yana hana ta. Kowace kwana sai ya sa hannu ya tare kwano.

Gwargwadon gangarowarsa gwargwadon ƙaruwar zafi, kuma yana gani 'ya'yan suna saki, jan ruwa na taruwa a kan ganyen. In ya yi sauri su farfashe, in ya yi a hankali su narke, ga waya shiru. Tsoro ne fal cikinsa. Ba abin da yake gani a gilashin gaba sai wani yaro ƙarami da ba a haifa ba tukuna, an kama shi a haɓa an juya fuskarsa wajen haske. Tsofaffin lungunsu duk sun mutu, ya sani, amma masu kallo ba sa ƙarewa.

Ana kiran magariba ya shiga Mina. An ɗauke wuta kamar kullum, ya hau matakala da kwano a hannu biyu, yana taka kowace kamar mai tsoron ta farka. Ƙofar a sakaye take. Ya tura da kafaɗa.

Lamis na zaune a kan kujerar katako a tsakiyar falo, ba fanka, gashinta ya manne a goshi saboda gumi. Wayarta na kan tebur a gabanta. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa, riga ta rine, hannu ya rine, gemu ma bai tsira ba.

"Baba, yaƙi ka je?"

"Me ya hana ki ɗaukar waya? Kin san yadda hankalina ya tashi?"

"Da wane hannun zan ɗauka?"

Sai a lokacin ya lura. Hannuwanta biyu suna ƙarƙashin cinyoyinta, ta zauna a kansu.

"Tun azahar kuncina ke ƙaiƙayi," in ji ta. "Wannan, na hagu. Na san ƙarya ne, raina ne kawai ke yi mini wasa don kun cika mini kunne. Amma kamar ana tafiya da tururuwa a wurin. Sau biyu na kama hannuna ya tashi da kansa, sai na ce to, zauna a kansa."

"Ai ke kika ce jijiyoyi ne."

"Jijiyoyi ne mana."

"To me ya kai ki wannan wahala?" Muryarsa ta yi ƙasa. Abin ya yi masa ciwo, don duk da shi ya yini yana gudun tabon nan, bai taɓa so ya ji cewa ita ma tana gudunsa ba. "Ashe ke ma ba kya son ya ɗauko ni."

"Ni? Baba, fuskar da na fara sani a duniya ke nan. In ya zo da shi, sumbatar wurin zan yi in ce ya ɗauko kakansa." "Kai ne ba za ka iya kallonsa ba. Za ka ɗauke shi kana kallon bango, ka miƙo mini shi, ka ce ka bar mota a hanya. Na san ka. Shekara nawa na jira ɗan nan, ba zan haifo shi kakansa na gudunsa ba."

Afif ya kawar da kai. Shi da yake tsammanin ba wanda ya lura.

Ta yi ƙoƙarin zaro hannuwanta, suka fito fari fat, da shatar kujera a jiki, yatsun sun sage ba sa lanƙwasuwa. Ta gwada ɗaukar tut ɗaya, ya suɓuce ya koma kwano. Ta yi dariya, hawaye na zubo mata.

"Ka gani, sun mutu. Sai dai ka ba ni a baki."

Ya je kicin ya ɗauko cokali. Ya durƙusa a gabanta, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗebo ɗaya wanda ya fi sauran kama jikinsa. Jan ruwa ya ɗiga a rigarta.

"A hankali, Baba. Dube ni mana, hancina za ka ba?"

Ya dube ta. Ta karɓa, ta runtse ido don tsami, ta tauna, ta haɗiye, sannan ta sake buɗe baki.